Wa Ke Riƙe da Hotunanmu? Tarihin Ajiyar Hoto a Tawa da Ƙasar Adar

Ƙasar Adar ƙasar matafiya ce. Da zarar an kai hatsi rumbu, samarin Tawa da Kalfu da Barmu da Keita da Buza sai su ɗaura aniyar tafiya biɗa. Wasu su nufi Najeriya, wasu Gana ko Kamaru ko Gabon, wasu su keta hamada zuwa Libiya, amma in ana maganar Ba'adare a waje, Abijan ce ke fara faɗo wa mutum a rai. Duk wanda ya tafi, abu uku ake jira daga wurinsa: kuɗi, labari, da shaidar cewa yana nan lafiya. Kuɗi a ba ɗan gari mai komawa gida ya kawo. Labari kuwa kafin ya iso an ƙara masa gishiri a hanya. Shaidar da uwa ke yarda da ita ita ce hoto, domin gani ya kori ji.

Shi ya sa hoto ya samu matsayi a gidajenmu wanda ya wuce na ado. Ni a Tawa aka haife ni, a nan na girma, na kuma ga zamani huɗu na hoto da idona: na baƙi da fari, na kala, na memori, da na WhatsApp. A kowane zamani samun hoto ƙara sauƙi da araha yake yi. Riƙe shi kuwa sai ƙara wuya, domin duk matakin da muka taka muna rasa ɗaya daga cikin mutanen da ajiya ke wuyansu. Sawun waɗannan masu ajiya nake so in bi.

Zamanin adaka

Waɗanda suka fara ɗaukar hoto a ƙasar nan Turawan Faransa ne, da suka kafa bariki a Tawa a farkon ƙarni na 20, lokacin da Bilbis da Fakuwa su ne ƙashin bayan garin. Sun ɗauki sarakuna bisa dawaki, da kasuwa, da mata a bakin rijiya. Hotunan suka bi masu su zuwa Faransa, wasu aka buga su a katin gaisuwa na gidan waya, wasu suka shige ma'ajiyar gwamnati. Kakanninmu da ke ciki, galibinsu har suka koma ga Allah ba su ga fuskarsu a takardar ba.

Katin shaida ne ya fara zaunar da talaka gaban kyamara. Mai son ƙetare iyaka sai da takarda, takarda kuma sai da hoto. Dattawa har yanzu suna ba da labarin mai hoton akwati: akwatin katako bisa ƙafa uku, da baƙin ƙyallen da yake cusa kansa ciki. Ya zaunar da kai a rana, ya ce kada ka motsa, ya cire murfin gilashi ya mayar. A cikin akwatin nan yake wanke takardar da hannu, ta fito fari a wurin baƙi, baƙi a wurin fari, sannan ya sake ɗaukar ita kanta takardar don fuska ta fito daidai. Kafin ka gama shan furarka ya miƙo maka hoto da sauran danshinsa.

Daga baya aka samu ɗakunan hoto. A Afirka ta Yamma Yarbawa sun taka babbar rawa wajen yaɗa wannan sana'a daga gari zuwa gari, tare da mutanen Togo da Gana. A Yamai sunan Philippe Koudjina ya fito a shekarun 1960 da 1970 da hotunan samari da 'yan matan birni. Sai dai da yawa daga hotunan da suka shiga gidajen Adar daga nesa suka zo, daga Tireshbil da Ajame, unguwannin Abijan da 'yan ci-raninmu suka sani kamar garinsu.

Kakata ta wajen uwa tana da adakar ƙarfe mai kwaɗo a ƙarƙashin gadonta. A ciki akwai zannuwan da ba a ɗaurawa sai da sallah, da takardun haraji, da wani ƙunshi na farin ƙyalle. Cikin ƙunshin nan hoton kawuna yake. Yana tsaye gaban labule mai zanen benaye da jirgin sama, rediyo a hannun dama, ya ɗan janye hannun riga don agogo ya fito. A bayan takardar akwai hatimin mai hoto da wata lamba, ƙarƙashinsu an rubuta sunan kawun da ajami, da shekarar da aka ɗauka.

Ranar da irin wannan hoto ya iso, gida cika yake yi. Mata su shigo ɗaya bayan ɗaya, kowace ta goge hannu a zane kafin ta karɓa. Kallon rediyon da agogon na yara ne. Su matan wuya da kumatu suke dubawa. Ƙanwar kakata ta ce, "Yaya, ɗanki ya yi kyau, amma ya ɗan rame." Ita kuma ta ce, "Aiki ne, ƙanwata. Allah dai ya maido shi lafiya." Bayan kowa ya gani a naɗe, a mayar adaka, a datse kwaɗo.

A wancan zamani kowane hoto yana da masu ajiya biyu. Akwai tsohuwa da adakarta, akwai kuma mai hoto, domin lambar nan ta baya ita ce ta nagatif ɗin da ya rage a hannunsa. In hoto ya lalace ko wani ɗan'uwa yana son nasa, a kai lambar, ya zaro ya sake wankewa.

A shekarun nan ne, a 1966, Moustapha Alassane ya yi fim ɗinsa Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga waje da akwati cike da kayan kaboyi ya rarraba wa abokansa. Duk Ba'adaren da ya kalla ya san irin wannan akwati. Alassane, wanda aka haifa a 1942, daga baya ya zauna a Tawa yana riƙe da otel ɗin Amitié, yana zane-zanensa da 'yan tsanarsa na fim a nan cikin gari. Ya rasu a 2015, a 2017 kuma gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke Amurka ya nuna finafinansa. Hakan ya yiwu ne saboda akwai ma'ajiyoyin fim waɗanda aikinsu ke nan riƙe kwafi. Hotunan gidajenmu ba su taɓa samun irin wannan gata ba.

Zamanin kala

A shekarun 1980 hoto mai kala ya yaɗu, tare da injunan wanki masu sauri da ke manyan birane. Sana'ar ta fita daga ɗaki ta hau babur. Mai hoto ya rataya kyamara a wuya ya bi gidajen biki da suna, ran sallah kuma ya tsaya a bakin filin idi. Sai fim ya cika, hoto 36, sannan a ba direba ya kai birni a wanko. Amarya kan yi kwana da kwanaki tana jiran ta ga kanta. Albam mai aljihun leda ya shiga ɗakin kusan kowace mace, baƙuwa in ta zo, bayan ruwa sai albam.

A nan asara ta fara ba mu ankara ba. Mai hoton babur ba shi da ɗakin ajiya. Nagatif ko ya haɗo maka cikin ambulan yara su riƙa ɗaga shi suna kallon rana, ko ya zubar. Takardar kala kuma ba ta jure zafinmu. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, 'yan shekaru kaɗan fuska ta koma ja, leda ta manne da takarda, in ka ja ta taho da rabin mutum. Yau in ka buɗe adakar tsofaffi za ka tarar hoton 1965 ya fi na 1990 fitowa. Mai ajiya ɗaya ya fita, saura tsohuwa ita kaɗai.

Zamanin memori da masu tura

Kamfanin salula na Celtel ya fara aiki a Nijar a 2001, ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010. Orange ya zo a 2008. Wayoyin farko na kira ne da saƙo, kuma sun daɗe ba su ratsa karkara ba. Ko a 2010, shekarar ƙarancin abinci, lokacin da ƙungiyar Concern ta tallafa wa iyalai a ƙauyuka 96 na jihar Tawa da jika 22 kowane wata har wata biyar, a wasu ƙauyukan sai da aka raba wa mata wayoyi don kuɗin ya iso musu ta Zap, hanyar tura kuɗi ta salula.

Abin da ya sauya al'amarin hoto shi ne wayoyin Sin masu araha, masu kyamara da layi biyu da ramin memori. Kowa ya zama mai hoto, amma intanet babu, inda take kuma tsada ta hana. Sai wata sabuwar sana'a ta tsiro a bakin tasha da gefen kasuwa: masu tura. Rumfa ce ta kwano ko ta zana. A ciki tsohuwar kwamfuta an lulluɓe ta da tawul saboda ƙura, da ɗan abin karanta memori yana lilo a jikin waya, da allon katako mai ramukan caji jere, kowace salula an manna mata lamba da salatif. A waje janareto na kuka, daga baya faifan sola ya maye gurbinsa. Caji dala goma ko ashirin. Turi kuma gwargwadon abin da kake so: karatun Alƙur'ani, wa'azi, waƙoƙin finafinan Kano, fim ɗin Indiya, kokowa, hoton Ka'aba na fuskar waya. Abin da ka samu a rumfa, da dare ka raba wa abokai ta Bluetooth a wurin shayi, waya kusa da waya.

Kada a raina wannan hanya, domin ta kai ɗan jihar nan duniya. Mdou Moctar, Ba'abzinen yankin Abalak da Cintabaradan, ya naɗi waƙoƙin faifansa Anar a Sakkwato a 2008. Ba kanti ne ya yaɗa su ba, daga memori zuwa memori suka yi ta tafiya har Kidal ta ƙasar Mali, inda wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsince su ya saka ɗaya a faifan Music from Saharan Cellphones na 2011. Hanyar da waƙa ta bi ita hoto ya bi. Ɗan ci-rani ya cika memori da hotunansa, ya naɗe a takarda ya liƙe da salatif, ya ba mai komawa gida tare da kuɗin cefane, kamar yadda a da ake aiko kaset mai murya.

Abin da ba a cika faɗa game da masu tura ba shi ne sun zama masu ajiyar unguwa ba tare da kowa ya naɗa su ba. Kafin yaro ya zuba maka sabon abu, yakan kwashe na cikin memorin ya ajiye a kwamfuta, ya sa wa wurin sunanka ko na ƙauyenku. Na taɓa zama a irin wannan rumfa wata ranar Lahadi, kasuwa ta cika, sai ga wata dattijuwa daga wajen Barmu ta kwance bakin zane ta fito da memori.

"Ɗana, hoton yayanka na Gabon da ka sa mini bara ya ɓace. Jikokina sun taɓa wayar."

"Kwantar da hankalinki, Inna. Zauna nan inuwa. Ai na ajiye shi da sunan garinku."

Ya lalubo, ya mayar mata, ya ƙi karɓar ko dala. Ta yi ta sa masa albarka har ta fita. Wannan yaro aikin da mai hoton Tireshbil ke yi da nagatif shi yake yi. Rauninsa ɗaya, kwamfutar guda ce, tsohuwa ce, ga ƙura ga wutar da ke zuwa da ƙarfi ta ɗauke. Ranar da ta mutu, ajiyar unguwa guda ta tafi da ita. Ga kuma memorin jabu, wanda aka rubuta masa babbar lamba a jiki alhali cikinsa kaɗan ne, in ya cika sai ya riƙa cinye tsofaffin hotuna mai shi bai sani ba.

Zamanin WhatsApp

An ƙirƙiro WhatsApp a Amurka a 2009, aka ƙara masa saƙon murya a 2013, Facebook ya saye shi a 2014. Saƙon muryar nan ne ya buɗe wa wanda bai yi boko ba ƙofa. Da wayoyin Tecno da itel suka yi araha, rezo kuma ya ƙara ƙarfi, kusan kowane ƙauye ya samu zaurensa a waya, inda na gida da na Abijan da na Libiya ke haɗuwa. A nan ake nuna ginin masallacin da aka yi wa karo-karo, da jaririn da aka raɗa wa suna, da yadda gero ya yi a gona. Lokacin bikin Tawa Sakola na 18 ga Disamba 2017, wanda ke Kodebuwa ya ga sababbin titunan garinsu a ranar, tun kafin ƙura ta kwanta. Wannan alheri ne babba, duk wanda ya taɓa jiran wasiƙa wata uku ba zai musa ba.

Amma ya kamata mu san abin da ke faruwa a cikin wayar. In aka turo maka hoto, abin da ke fara bayyana dishi-dishi ne da 'yar kibiya a tsakiya. Hoton bai shigo ba tukuna, yana ma'ajiyar kamfani yana jira. Sai ka taɓa kibiyar, ka kashe data, sannan ya sauka. Da yawanmu mun kashe saukar kai-tsaye don tattalin data, muna cewa sai an samu rezo mai kyau. In aka daɗe, manhajar sai ta ce ka roƙi wanda ya turo ya sake turowa. Wanda ya sauka ɗin ma an riga an matse shi don ya yi sauƙin tafiya, an kuma cire bayanan da kyamara ke rubutawa a cikinsa, har da ranar da aka ɗauka. Abin da kawuna ya rubuta da hannu a bayan takarda, manhaja da kanta take gogewa.

Manhajar ɗaya ce a ido, amma halinta ya bambanta daga waya zuwa waya. A Android hoton da ya sauka yakan bayyana a galari. A iPhone yana iya zama cikin hirar kawai in ba a kunna ajiya ba, ka goge hirar ya tafi. Kwashe hira daga iPhone zuwa Android bai samu ba sai 2021, daga Android zuwa iPhone kuma sai 2022, kafin nan wanda ya sauya irin waya ya bar tarihinsa a baya. Sitatus, da ya zo a 2017, awa 24 ne ransa. Hoton gani-sau-ɗaya na 2021 an yi shi ne musamman don kada a ajiye. Na Facebook ma, ganinsa a fuskar waya bai sa ya zama naka ba, sai ka zaɓi adanawa, ka kuma ba manhajar izinin shiga ma'ajiyar wayar. Hatsin da ka gani a kasuwar Lahadi sai ka auna ka kai rumbunka yake zama naka.

Akwai ajiyar Google, wadda ke ba kowa giga 15 kyauta, amma tana buƙatar adireshin imel da lambar sirri. A wurinmu yawanci yaron shago ne ke buɗe wa mutum imel ranar da ya sayi waya, ya sa lambar da ta zo masa a rai, mai waya bai rubuta ba, shi ma yaron ya manta. Masu tura kuwa kasuwarsu ta ja baya tun da kowa ke sauke abinsa da kansa. Wasu sun koma gyaran waya, wasu sayar da kati da caji. Tsohuwa ba ta da abin sa wa a adaka, rumfa ba ta riƙe kwafi, ajiya ta koma wuyan mai waya shi kaɗai, shi kuma ba wanda ya gaya masa.

Mun ɗanɗani wannan a gidanmu. Ɗan gwaggona ya rasu a Libiya, can aka yi masa sutura. Hotunansa na ƙarshe duk suna wayar matarsa. Wayar ta daina tashi, aka kai wa mai gyara, ya ce sai an yi mata filashin, bai yi bayanin cewa komai zai goge ba, ita ma ba ta san ta tambaya ba. Ta karɓo waya tana aiki, ciki fayau. Muka bi 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya har aka samu guda a wurin wani abokinsa a Abijan, wanda ya ɗauko shi daga sitatus da hoton fuskar waya, aka tura aka sake turawa. Da muka kai a wanke, mai injin ya ce in ya wuce girman tafin hannu fuskar za ta watse. Marayun nan da shi za su san ubansu, alhali hoton kawuna da ya haura shekara hamsin har igiyar agogonsa ana gani.

Abin da ya rage gare mu

Ba na kiran kowa ya koma zamanin akwati mai ƙafa uku. Kirana shi ne mu mayar da ajiya aikin wani, kamar yadda take a da. Kowane gida ya samu mutum ɗaya da aka sani shi ne mai riƙe hotuna. Hoto mai daraja, na iyaye ko na aure ko na wanda ke nesa, a ce a turo shi ta wurin da aka rubuta Document, don ya iso da cikakken girmansa da ranarsa. A sauke shi a ranar. A kwafa shi wuri na biyu, memori mai kyau ko kwamfuta ko wayar wani ɗan'uwa. Imel da lambar sirri a rubuta a takarda a ajiye tare da takardun gida. Kafin a miƙa waya ga mai gyara a zare memori, shi kuma mai gyara ya ji tsoron Allah ya faɗa wa mutane abin da filashin ke yi kafin ya taɓa. A kowace shekara a zaɓi 'yan kaɗan a wanke a takarda, a rubuta suna da wuri da shekara a baya.

Akwai kuma aikin da ya fi ƙarfin gida ɗaya. Farfesa Djibo Hamani ya bi dattawa ya tattara tarihin Adar kafin zuwan Turawa, ya buga shi a 1975, jami'ar Tawa da aka kafa a 2010 yau sunansa take ɗauke da shi. Tarihin ci-ranin Adarawa na shekaru sittin da suka wuce yana nan cikin adakoki da albam a Bilbis da Kalfu da Keita da Buza, tsofaffin da suka san sunayen mutanen ciki kuma suna ƙarewa. Ina roƙon malaman tarihi na jami'ar da masu kula da gidan al'adu na Albarka Cibau su tura ɗalibai gida-gida, su kwafi hotunan nan da izinin masu su, su rubuta sunaye da shekaru daga bakin dattawa, su mayar wa kowa abinsa a hannu. Kai kuma mai karatu, kafin ka kwanta yau, buɗe wayarka ka duba ko hoton mahaifiyarka yana da kwafi a wani wuri. In babu, yi masa tun wayar tana tashi.